Noti ɗaya ya ci mini kwana biyu a shokozoban gaba na Prius

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdulillahi, yau bayan la'asar motar ta sauka daga kan jak. Da gangan na bi da ita ta cikin ramukan layinmu, waɗanda a da nake lallaɓa su kamar mai ɗauke da ƙwai, kuma ban ji gwaf-gwaf ɗin nan da ya hana ni sakat tun damina ba. Bayan hannuna na dama duk ƙujewa ne, amma gara in rubuta tun abin bai huce ba.

Motar dai ita ce wadda kuka sani, Prius ta 2010, tokumbo, wadda ta yi ƙuruciyarta a Amurka. Shokozoban gefen direba ya jima yana tsiyayar da mai har ƙura ta yi masa riga, sai na ce in canza biyun gaba ɗaya in huta. A lissafina zan fara Asabar da hantsi, in wanke hannu kafin azahar. Abu biyu nake tsoro: manyan boltin nan biyu na ƙasa masu noti 22, da kuma matse sifirin. To, ba ko ɗaya a cikinsu da ya wahalar da ni. Manyan boltin na zura wa sufana bututun ƙarfe, na hau da nauyina, suka yi ƙara suka saki.

Kafin nan sai da na kwance waifa biyu, da robar da ke gindin gilashi, da ɗan injin da ke juya waifa, da farantin ƙarfen da ke ƙarƙashinta, don notin sama guda uku suna ɓoye ne a can ciki. Aiki ne na haƙuri kawai. Makullin kuwa a ɗaki na baro shi. Ku masu haibirid kun san halinta: tana iya zama a READY shiru kamar a kashe take, injin ya tashi da kansa lokacin da ya ga dama. Ba na son hakan ta faru kaina yana cikin mazaunin taya. Wayoyin nan masu ruwan lemo, na babbar wutar batirin haibirid, ba su da hurumi a wannan aiki, ko kallonsu ban yi da sufana a hannu ba.

Wanda ya kayar da ni shi ne ɗan notin linkeji, mai lamba 17, wanda ke riƙe linkejin a jikin shokozoba. Linkeji shi ne ɗan ƙarfen da ke haɗa shokozoba da sandar balans, wadda ta ratsa daga wannan taya zuwa waccan. Na sa masa sufana ya juya, har na yi murmushi. Ashe ba kwancewa yake ba, shi da sandarsa suke juyawa tare, don sandar a kan ƙwallo take. Maganin da aka tanada shi ne ramin alanki mai lamba 6 da ke kan sandar, ka riƙe ta da shi, ka juya notin da sufana. Na sa alanki, na ja, sai na ji ya tafi sululu. Ramin ya zama zagaye kamar bakin kwalba.

Da na haska da tocila na ga dalili. Zaren da ya fito bayan notin duk tsatsa ta cinye shi, ya kumbura ya fi ƙofar notin. Wannan ba tsatsar Kano ba ce, ta gishirin da suke watsawa a titi ce lokacin ƙanƙara a can inda motar ta fito. Daga sama fenti yana ƙyalli, daga ƙasa kuwa Allah kaɗai ya san abin da ta sha. Da na fara goge zaren da burushin waya na jiƙa shi tun daren Juma'a, da wataƙila ramin bai lalace ba. Gaggawata ce ta jawo.

Daga nan na shiga gwaje-gwaje. Na fesa WD-40, man sassauta tsatsa, har gwangwanin ya yi sauƙi. Na ɗiga man birki kamar yadda ake yi a gareji, na bar shi ya kwana. Lahadi da asuba na buga kan sukundireba mai tauraro a cikin ramin da guduma, ya kama, na samu rabin juyi, ya sake suɓucewa ya tafi da sauran naman ƙarfen. Na kama bayan sandar da filaya mai kulle, robar ta yage, giris ya fito ya shafe wurin, filayar ta riƙa zamewa. A nan hannuna ya daki gefen sifirin sau biyu. Ƙanena ya ce a kawo wuta a gasa notin. Na ƙi. Tiyon birki da wayar na'urar birki ta ABS suna nan dab da wurin, shokozoban kansa da gas a cikinsa, ba zan sayi wata masifa da kuɗina ba.

Sai na ce to in kwance linkejin ta ƙasa, ya fito tare da shokozoban. Na ƙasan ma uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Wallahi a lokacin na zauna a kan taya na yi shiru, har maiɗakina ta leƙo ta ce ko a kira bakanike ne. Maganar ta yi mini zafi fiye da ƙujewar.

Na saman linkejin, da zarton ƙarfe na yanke shi, don an ɗauke wuta, ba halin aron injin yanka. Ruwan zarto uku ya ci. Ban damu da kunnen tsohon shokozoba ba tunda bola za shi. Amma ko da na yanke, guntun sandar ya ƙi fita daga raminsa, kamar an yi masa walda. Na daɗe ina duka kafin na gane wautata: gefe ɗaya na ɗaga, ɗayar tayar tana ƙasa, don haka sandar balans a murɗe take tana danne linkejin. Ina ɗaga ɗaya gefen na ɗora a kan madogara, na sa waigi a tayoyin baya, guntun ya faɗo da ɗan yatsa.

Na ƙasa ba ya yankuwa cikin sauƙi, wurin ya matse, kuma ba na son in ji wa sandar balans ciwo. Wani dattijon maƙwabcinmu da ya yi shekaru yana gyaran manyan motoci ya tsaya a kaina yana dawowa daga masallaci. Ya duba ya ce, "Yaro, linkejin nan ai ya riga ya mutu, me kake tausaya masa? Fasa kansa ka kama ƙwallon." Na ce, "Baba, ya fasu kuwa?" Ya karɓi ƙarfen cire taya, ya sa a bayan kan linkejin, ya yi masa banƙara ɗaya, kan ya fita ya bar ƙwallon tsirara. Na goge giris ɗin da fetur, na datse ƙwallon da filaya mai kulle iya ƙarfina, na jingina hannunta da ƙarfen ƙasa. Ya ce in fara ɗaurewa kaɗan kafin in kwance. Notin ya yi ƙara, ya taho. Minti biyar. Na gefen mai zaman banza ko gwada alanki ban yi ba, kai tsaye na fasa.

Sabon linkeji guda biyu naira 22,000 a Ƙofar Ruwa, kuɗin da ba ya cikin lissafi, ga ruwan zarto, ga kuɗin adaidaita zuwa da dawowa. Ya yi mini ciwo, musamman da yake tsofaffin ba su fara kaɗawa ba.

Sauran aikin ya tafi lafiya. Na ɗaure hob, wato mazaunin da ake ɗaure taya a kai, da waya a jikin bodi kafin in zare bolti na biyu, don kada ya kifo waje ya zaro dirabshaf, sandar da ke juya taya, daga cikin kofinsa. Sifirin na matse shi kaɗan-kaɗan, juyi biyar nan juyi biyar can, fuskata a gefe, na kuma yi alama da fenti don wutsiyarsa ta koma daidai kan matakinta. Wajen ɗauri na bi awon ƙarfin ɗauri na Nm: manyan bolti 240, notin sama 50, linkeji 74, notin taya 103. Sufanata mai awo a 210 ta tsaya, sai da na aro babba. Zaren sabon linkeji kuwa na shafe shi da giris har ya yi yawa.

Sitiyari ya ɗan karkata hagu, gobe in sha Allahu zan kai ta alaimen kafin ta cinye mini taya. Sannan ga wasu 'yan maɓallan roba guda biyu da suka rage a cikin kwanon da nake zuba noti. Na san daga gindin gilashi suka fito, amma na duba sau uku ban ga raminsu ba. Wanda ya taɓa kwance wurin a irin wannan motar ya taimaka ya faɗa mini inda suke shiga.