Mun dawo gida da Umma, Alhamdulillah

Assalamu alaikum ƴan uwa da abokan arziki. Mun shigo Kano jiya bayan la'asar, Umma na ɗakinta, ta sha kunu ta yi sallah a zaune, har ta samu ƙarfin yi mana faɗa wai mun cika mata ɗaki da surutu. Alhamdulillah, Alhamdulillah. Ni kam tun da na ajiye jaka ban iya komai ba sai barci, wayata cike take da saƙonni da kiran da ban ɗauka ba, dan Allah ku yi min uzuri, ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba shi ya sa na ce bari na rubuta a nan kowa ya gani.

Kun riga kun ji cewa ciwo ya kama Umma a mota a hanyarmu ta dawowa daga Yamai. Masu cewa me ya kai mu ɗaukar tsohuwa mai hawan jini mu sa ta a motar Yamai, na ji ku, amma ku tuna tun da aka rufe boda bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ba ta sa ƙanwarta a ido ba, ko da aka buɗe a Maris ɗin 2024 lalura ce ta yi ta hana ta, ga auren ƴar ƙanwar tata ya taso, wa zai iya ce mata kar ta je? Zuwa lafiya lau muka yi. A dawowa ne.

Wanda bai taɓa bin hanyar nan ba ba zai gane ba, daga Yamai zuwa Maraɗi sama da kilomita 600 ne, tun kafin asuba ake tashi, a wuce Dosso, a wuce Dogon Dutsi, sai Ƙonni, sannan Madawa kafin a kai Maraɗi, kusan wuni guda mutum na naɗe a kujera. Mun baro Ƙonni kenan ba da jimawa ba na juya zan miƙa mata ruwa na ga bakinta ya ɗan karkace, tana so ta kira sunana harshen ya ƙi. Na ciro waya, layina na Najeriya ba sabis ko ɗigo, kuɗin da ke asusuna na banki ba yadda zan taɓa su, a jakata ƴan canjin sefa ne da suka rage da kuma naira da ba wanda zai karɓa a tsakiyar hanya. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na lokacin nan ba, ni mace ni kaɗai a ƙasar mutane, uwata a kafaɗata tana nauyi, abin da ke zuwa min a rai kawai shi ne ta yaya zan kira Yaya na ce masa Umma ta cika a cikin mota.

Ban ma san na yi ihu ba. Wata dattijuwa ce da ke kujerar bayanmu, tun daga Yamai ba mu yi magana ba banda gaisuwa, ta taso ta riƙe kan Umma tana tofa mata addu'a tana ce min ɗiyata bar kuka, Galmi na gaba, akwai likita. Ita ta ɗaga murya ta yi wa direba magana, kuma duk motar nan ba wanda ya ce uffan a kan ɓata lokaci, mutanen da kowa ke da uzurinsa, wasu har Damagaram za su. Da muka isa asibitin mishan na Galmi aka ce a kawo kuɗin kati da na gwaji, na tsaya ina zazzage jaka hannuna na rawa, sai kawai matar nan ta kwance habar zaninta ta ƙirgo jaka goma, wato sefa dubu goma, ta danƙa min. Na ce Inna ki ba ni lambarki zan turo miki, ta ce ba ta da waya, na ce to sunan unguwarku, ta ce ke dai je ki ga uwarki. Na shiga ciki, kafin na fito mota ta tashi da ita. Ƴar Tawa ce, iyakar abin da na sani kenan, kuma daga yadda kuɗin ke ƙulle na san guzurinta ne gaba ɗaya. Ya Allah kai ka san ta, ka san inda take kwana, ka suturta ta duniya da lahira, ka sa ƴaƴanta su yi mata fiye da abin da ta yi wa uwata, ka kai ta ɗakinka mai alfarma, ranar da ba wani inuwa ka sa ta a inuwar al'arshinka. Amin ya Hayyu ya Ƙayyum.

Na san mutanenmu ba sa son a faɗi alherinsu a bainar jama'a, amma yau sai sun yi haƙuri. Yaron motar da ya goya Umma a bayansa daga titi har ƙofar asibiti, ya kuma dawo ya sauko mana da kayanmu kaf ko tsinke bai ɓata ba. Malam mai albasa na bakin hanya da ya ara min wayarsa na kira Yamai da Kano, ya hana ni biyan kuɗin katin waya, matarsa kuma kullum da dare sai ta aiko da tuwo. Ma'aikatan jinyar nan da ba su taɓa ɗaga min murya ba duk da yawan tambayata. Mijin Innarmu na Yamai da ya turo kuɗi ta kamfanin tura kuɗi na Nita a daren, washegari ya kamo hanya da kansa. Yayanmu babba da ya bar aikinsa ya zo ya tarye mu a Maraɗi da mota, da Kawu na Katsina da ya tsaya mana a bodar Magama Jibiya har aka gama duba takardu ba a sauko da Umma daga mota ba. Ƴan ajinmu na sakandare da suka yi karo-karo cikin dare ɗaya, Allah ya bar zumunci.

Wasu sun ba da shawara mu tsallaka ta Ƙonni zuwa Illela tunda ta fi kusa da Galmi, sai dai daga Sakkwato zuwa Kano da mara lafiya, ta Zamfara, a halin da hanyar ke ciki, Yaya ya ce a'a. Ta Maraɗi muka bi, Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, da rana tsaka, shinge bayan shinge ana tsayar da mu. Muna tafe ina tunanin layin dogon nan na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar tun 2021, Allah ya sa muna raye za a gama shi, ko tsofaffinmu sa samu inda za su miƙe ƙafa.

Akwai kuma waɗanda jini ɗaya muke da su, da motarsu da halinsu, gidansu bai kai tafiyar awa biyu daga inda muke kwance ba, ko flashin ba mu gani ba sai da suka ji mun iso gida sannan aka turo Allah ya ƙara sauƙi a guruf ɗin dangi. Ba komai. Umma ta ce kar na ce komai, to ban ce ba.

Masu tambaya ko a ci gaba da turo gudummawa, dan Allah ku dakata haka, abin da aka tara ya isa har ya yi ragowa, za mu sa shi a gashin ƙashi da likita ya ce a fara mata sati mai zuwa saboda hannun hagun har yanzu bai gama saki ba. Masu son zuwa dubiya ku bari sai bayan Juma'a kuma da yamma, an ce ta samu hutu sosai. Duk wanda ke da ƴan uwa a Tawa ko Madawa ya taimaka ya tura musu wannan rubutun, dattijuwa ce doguwa mai zane a fuska, ta hau motar asuba daga Yamai da buhun gero ɗaya da ƴar jikarta, ko Allah zai sa wani ya gane ta.