Gajeruwar Umara daga Kano: jirgi, mota da masauki

Yanzu ma'aikata da 'yan kasuwa da yawa sun koma yin irin Umarar nan ta a tafi Laraba ko Alhamis a dawo kafin Litinin, saboda hutun ba ya samuwa, wani ma oga ne ya ɗaga masa ƙafa da ƙyar, wani kuma shago ne ba mai tsare masa. Ni ina son irin wannan tafiyar sosai kuma ina ba mutane shawarar su yi in Allah ya hore, amma abun da ke damuna shi ne yadda ake tsara ta kamar ta sati biyu, ejan ya haɗa maka tikiti da otal kawai ya ce sai ka dawo Alhaji, sauran kuma kai da Allah. A tafiyar sati biyu in ka yi asarar rabin wuni a hanya ba komai bane, a wannan kuwa rabin wunin nan salloli uku ne a Harami suka wuce ka, kuma kuɗi masu yawa ka kashe don su.

Ka fara da lissafin agogo tun kana gida. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa 2, jirgin da ya tashi kai tsaye daga filin jirgi na Malam Aminu Kano zuwa Jidda yana cin awa huɗu da rabi zuwa biyar, to ka ga awa bakwai kenan sun tafi a agogo tun ba a zo maganar layin buga fasfo da jiran kaya ba. Masu bi ta Addis Ababa ko Alƙahira kan samu sauƙin kuɗi wani lokacin, sai dai zaman jiran jirgi na biyu zai iya cinye dare guda sukutum. Ni dai a gajeruwar tafiya ba na kallon arhar nan sam, gara na ƙara kuɗi na samu mai tafiya kai tsaye, in ma babu shi a ranar da nake so sai na matsar da ranar.

Sai babbar maganar, wato ina za ka fara, Madina ko Makka. Nan ne jirgin ƙasa na Haramain ya canza komai. An buɗe shi a 2018, layin kusan kilomita 450 ne, yana gudun da ya kai kilomita 300 a awa, kuma Makka zuwa Madina bai cika wuce awa biyu da rabi ba, tafiyar da a bas take cin awa biyar zuwa shida har da tsaye-tsaye a hanya. Tashoshinsa biyar ne, Makka, cikin garin Jidda a Sulaimaniyya, filin jirgin Sarki Abdul'aziz, birnin Sarki Abdullah kusa da Rabig, sai Madina. Wadda ta fi mana amfani ita ce ta filin jirgin, don a haɗe take da sabon ginin saukar fasinja, ka ɗauki jakarka ka taka da ƙafa ka shiga. To tsarin da na fi yarda da shi shi ne in ka samu jirgin da ke sauka Madina ka bi shi, in kuma Jidda ne ka hau jirgin ƙasa daga nan ka wuce Madina kai tsaye, kusan awa biyu, ka kwana can ka huta ka yi ziyara, sannan ka gangaro Makka, daga Makka ka fita ta Jidda. In Madina ka sauka hanyar ta zama miƙaƙƙiya kenan ba komawa baya. Kuma tunda Madina ka nufa da farko ba sai ka ɗaura harami a cikin jirgin sama ba, wanda duk wanda ya taɓa ganin layin banɗakin jirgi lokacin da aka sanar an kusa miƙati, wato iyakar da ake ɗaukar harami da niyya, dattawa riƙe da fararen tawul kowa na sauri, ya san wannan ba ƙaramin sauƙi bane.

Amma dan Allah ka tambayi ejan ɗinka a wane gini jirginku zai sauka, filin jirgin Jidda ba gini ɗaya bane, akwai na arewa akwai na alhazai, kuma daga can sai ka shiga mota kafin ka iso tashar jirgin ƙasan. Kar ka yanki tikitin da zai tashi awa ɗaya bayan saukarka, ka bar tazarar awa uku ko fiye, layin shige da fice ba shi da tabbas. Ana iya sayen tikitin ta intanet kuma kujeru na ƙarewa musamman Alhamis da Juma'a da Asabar tunda hutun ƙarshen makonsu Juma'a da Asabar ne. Sannan suna da ƙa'idar kaya, babbar jaka ɗaya da ba ta wuce kilo 25 ba da ƙarama ta hannu, shi yasa nake cewa wannan tafiyar ba ta masu Gana-mas-go bace. Jaka ɗaya mai taya ta isa, kaya kala uku, harami, silifas mai laushi, magungunanka, caja da fawa bank.

A Madina abun da zai tsara maka lokaci shi ne shiga Rauda a cikin Masallacin Annabi. Sai da izini ta manhajar Nusuk, maza da lokacinsu mata da nasu, to ka duba lokacin da ka samu tukunna kafin ka yanki tikitin zuwa Makka, kar ka yi akasin haka. Masallacin Ƙuba da Uhudu duk kusa ne, tasi ɗaya zai kai ka duka ya dawo da kai tsakanin hantsi da azahar, in ranar Asabar ta same ka a can ma ka dace da sunnar zuwa Ƙuba. Ni ba na shiga motar ziyara ta rukuni a irin wannan tafiyar, jiran a cika mota kaɗai ya ishe ka, balle a tsaya kasuwar dabino.

Miƙatin mutanen Madina Zul Hulaifa ne, wanda aka fi sani da Bi'ir Ali, kuma jirgin ƙasa ba ya tsayawa a wurin. Wasu sukan yi wanka su ɗaura harami tun a otal su yi niyya a cikin jirgin da zarar ya zo daidai miƙatin, wanda mintuna kaɗan ne bayan tashi, wasu kuma su ɗauki tasi zuwa masallacin su yi nafila da niyya sannan su wuce tasha. Ka tambayi malaminka tun a gida ka yanke wanda za ka yi, in na biyun ne ka ƙara awa ɗaya a lissafi.

Makka kuwa duk maganar a masauki take. Tashar jirgin tana unguwar Rusaifa, 'yan kilomita daga Harami, sai ka hau tasi ko ka kira Uber ko Careem, wanda ke nufin kana buƙatar data tun daga filin jirgi, ka sayi layin STC ko Mobily ko Zain a nan take da fasfonka. Otal ɗin Aziziyya da sauran na nesa suna da arha kuma suna cewa akwai motar kai wa Harami kyauta, gaskiya ne akwai, amma bayan sallar isha ka ga yadda ake turereniya a wajen hawa sai tausayin tsofaffi ya kama ka. Tunda kwana biyu ne kacal ka daure ka kama na Ajyad ko titin Ibrahim Khalil inda za ka taka da ƙafa, kuɗin da za ka biya na sati a nesa shi za ka biya na kwana biyu a kusa. Ko a kusan ma ka riƙa fita da wuri, lifta takan cika tun daga saman bene ta wuce ka sau uku kana tsaye, kuma in ciki ya cika askarawa suna tare ƙofa, ka ga fitilar ta koma ja sai dai ka yi salla a farfajiya. Ranar Juma'a kam tun hantsi ake tafiya. Wani abu kuma, yawancin otal sai wajen la'asar suke ba da ɗaki, in ka iso da safe ka ajiye jaka a wajen masu karɓar baƙi ka wuce ka yi Umararka, da ma a cikin harami kake. Safa da Marwa kaɗai ya haura kilomita 3 in ka haɗa zagaye bakwai ɗin, ga ɗawafi, saboda haka in da Hajiya ko Baba kake tafe ka tanadi kuɗin keken da ake tura mutum a kai tun farko kar ka jira sai ƙafa ta gaza.

Takardu kuma ba na dogon bayani bane, fasfo ya zama da sauran aƙalla wata shida, biza a waya da kuma a takarda, katin rigakafin shawara da sanƙarau a cikin jakar hannu. Ka canji riyal kaɗan a Wapa kafin ka tashi saboda tasi da aski da abinci, katin banki kan ƙi aiki a lokacin da ka fi buƙatarsa.

Tsaraba ce ke ɓata wa mutane ranar ƙarshe, wallahi ina jin takaici in ga mutum ya bar la'asar da magariba a Harami yana yawon neman jallabiyar da akwai irinta a Kwari. Dabino da bagaruwa a shagon ƙasan otal sun wadatar, ka faɗa wa 'yan gida tun kafin ka tafi. Zamzam a filin jirgi ake saye, galan mai lita 5 a naɗe, mutum ɗaya galan ɗaya, kar ka cusa wani a cikin jaka. Ka bar Makka awa biyar zuwa shida kafin tashin jirginku, kuma kar ka sa lokacin fitar ya faɗo daidai salla don ana rufe titunan kusa da Harami mota ba za ta iso ƙofar otal ba. In lokacin hunturu ne, Disamba zuwa Fabrairu, hazo kan hana jirage sauka a Kano har a karkatar da su wani gari, to kar ka ɗauki alƙawarin aiki da safiyar ranar da za ka dawo, ka nemi a bar maka wunin nan tun lokacin da kake neman hutun.