Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Injin Danna Tsakuwa Ya Iso

A makon jiya na tsaya a inda aka mayar da ni cikin masu gyaran layin dogo. Mu goma sha biyu ne, sai helma, wani dattijo da kowa ke kira Baba. Abin hawanmu kura ce mai ƙafafun ƙarfe huɗu. A loda mata jak da diga da shebur da jar tuta, mutum biyu su tura, in an samu gangara su ɗale. Da mun ji jiniyar jirgi sai mu zube kaya mu cicciɓe ta daga kan dogo. Har yau in sanyi ya shigo, kafaɗata ta dama takan tuna mini da kurar nan.

Aikin da ya fi cin ƙarfinmu shi ne danna tsakuwa. Duwatsun nan su ke riƙe da katakon da ƙarfen dogo ke kwance a kai, kuma duk jirgin da ya wuce sai ya ɗan nutsar da su, har layi ya lotsa. Sai a kafa jak a ɗaga dogo. Baba ya kwanta rub da ciki, ya ɗora kunci a kan ƙarfen da rana ta gasa, ya rufe ido ɗaya yana hangen tsawon layi. "Ƙara kaɗan. Ƙara. Tsaya!" Mu kuma mu bi da diga muna cusa tsakuwa a ƙarƙashin katako, ɗaya bayan ɗaya, har hannu ya yi kanta.

Akwai wani matashin injiniya da kan zauna da mu lokacin hutu, mai son ba da tarihi. A bakinsa na fara jin cewa kurar da muke rainawa tana da kakanni. Ya ce a Amurka tun ƙarni na 19 leburori ke hawan wata mai sanda a tsakiya, ana danna ta sama da ƙasa tana tafiya. Ya ba mu labarin George Sheffield na jihar Michigan, wanda ya ƙera mai ƙafa uku ta mutum ɗaya, ya yi mata rajista a 1879. Daga baya kamfanin Fairmont na jihar Minnesota ya shahara da masu ƙaramin inji. A 1928 kuma aka fara aiki da motar Elmer Sperry, wadda ke tura wutar lantarki cikin ƙarfen dogo ta gano tsagar da ke ɓoye a ciki. Wannan ta tsaya mini a rai, domin mu guduma muke bugawa mu saurari amo.

Baba ya ce, "Yallaɓai, to ita tsakuwar fa, wa ya ƙera mata?"

Injiniya ya yi murmushi ya ce tana nan tafe.

Na'urar danna tsakuwar ta iso da safe, rawaya, doguwa kamar tarago, da sunan Plasser & Theurer a gefenta. Kamfanin na ƙasar Ostiriya ne, an kafa shi a 1953, kuma a birnin Linz yake ƙera injunansa. Na tsaya kusa har direba ya daka mini tsawa. Da kanta ta kama ƙarfen dogo ta ɗaga, ta daidaita shi. Sai wasu haƙoran ƙarfe suka nutse a tsakuwa ta gefe biyu na katako, suna karkarwa kamar sau 35 a daƙiƙa ɗaya, suka matse duwatsun zuwa ƙarƙashi, suka fito, ta matsa gaba. Ƙasa na rawa a tafin ƙafata. Kafin azahar ta gama abin da zai ci mana kwanaki.

Ban yi baƙin ciki ba, gaskiya. Na san mutanen da diga ta karya musu baya tun ba su tsufa ba, kuma ina ganin duk wanda ya raba ɗan Adam da wannan wahala ya yi aikin alheri. Abin da ya dame ni Baba ne.

Da injin ya yi nisa, sai ya tafi shi kaɗai, ya kwanta, ya ɗora kunci a kan ƙarfe. Ya daɗe. Ya tashi ya ƙara gaba, ya sake kwanciya. Ya dawo yana karkaɗe riga, ya ce da ni, "Ɗana, layi ya miƙe sambal. Ban sami abin gyara ba."

Sannan ya nuna mini wani wuri kusa da kwalbati inda farar laka ta ɓullo tsakanin duwatsu. Ya ce ruwa ne ke kwance a ƙasa, in ba a buɗe magudana ba, ko sau goma injin ya danna sai wurin ya sake lotsawa. Ya sa ni na kira injiniya. Injiniya ya durƙusa ya taɓa lakar, ya rubuta a littafinsa, ya ce, "Na gode, Baba."

Da yamma aka kira sunan mutum uku da za su bi injin su koyi aiki da shi. Nawa ne na biyu, kuma Baba ne ya ba da shi. Yadda na fara zama a kujerar injin nan, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.