Daga Makka Zuwa Tsohuwar Tashar Anbariyya

Bayan na kammala Umra, sai na bar motar safa da na saba shiga, na yanki tikitin jirgin ƙasa na Haramain, wanda aka buɗe a shekarar 2018. Mun tashi daga Makka da hantsi, muka ɗan tsaya a Jidda, daga nan jirgin ya miƙa arewa yana gudun da yakan kai kilomita 300 a awa guda. Ta taga na yi ta kallon yashi da ƙayoyi da raƙuma jefi-jefi, sai da muka doshi Madina ƙasar ta rikiɗe ta zama duwatsu baƙaƙe wuluk, ragowar aman wuta na zamanin da, waɗanda Larabawa ke kira harra. Tafiyar kusan kilomita 450 ce, amma awa biyu da 'yan mintoci muka yi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, sai washegari na gan shi. Daga Masallacin Annabi (SAW) na taka da ƙafa zuwa unguwar Anbariyya, inda tsohuwar tashar jirgin Hijaz take. Gini ne na dutse mai ƙofofi da tagogi masu baka, kusa da shi kuma ga masallaci mai hasumiya biyu sirara irin na Turkawa. Sarkin Daular Usmaniyya, Abdulhamid na Biyu, shi ya sa aka fara shimfiɗa layin daga Dimashƙ a 1900, ya iso Madina a 1908, bayan an ratsa hamada da shi sama da kilomita 1,300. Kaso mai yawa na kuɗin aikin gudummawa ce da Musulmi suka tara daga ƙasashe daban-daban, kuma a ganina wannan ne ya ba tashar martabar da girman gini kaɗai ba ya bayarwa. Tafiyar da ayarin raƙuma ke yi a kwana arba'in ta dawo ƙasa da mako guda.

Layin bai taɓa kaiwa Makka ba kamar yadda aka yi niyya. A Yaƙin Duniya na Ɗaya aka yi ta fasa shi da nakiya, bayan 'yan shekaru jirgi ya daina zuwa Madina ɗungurungum.

Na daɗe tsaye gaban wani tsohon kan jirgi mai amfani da gawayi, ina tuna kakana, Allah ya jiƙansa, wanda ya bar Kano a ƙasa, ya bi ta Chadi da Sudan yana noma yana ƙwadago a hanya, bai ga Madina ba sai bayan shekara uku. Ina nan tsaye aka kira sallar La'asar, na tsallaka titi na shiga masallacin Anbariyya na bi sahu.