Kafin ido ya buɗe

A hunturun shekarata ta biyu a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke Maraɗi, kyanwar da ke gadin siton kawuna a unguwar Ali Dan Sofo ta haihu a bayan buhunan gyaɗa. Kwana huɗu da haihuwar, mota ta buge ta. Ta bar ƴaƴa uku, kowanne bai cika tafin hannu ba, ido a rufe, kunne a liƙe. Kawu ya ce, "Kai mai karatun dabbobi, ga aiki ya same ka."

A zatona abinci da ɗumi ne kawai matsalar. Na samo sirinji da madarar jar akuya ina ba su duk bayan awa biyu ko uku, na naɗe kwalbar ruwan zafi da tsumma na ajiye musu, tunda jaririn kyanwa ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa sai ya kai wajen mako uku. Washegari sai ga ciki ya kumbura, suna ta kuka. Kakata ta leƙa kwalin ta ce, "Angona, ka shafe su kuwa?" Na ce, "Iya, wace irin shafa?" Ta jiƙa auduga da ruwan ɗumi, ta goga a hankali ƙarƙashin wutsiyar ɗaya, nan take fitsari ya zubo. Ta ce, "Lasar da uwar ke yi ba wanka ba ne kaɗai."

Daga baya na karanta dalilin. A makonnin farko jaririn ba ya fitsari ko kashi da kansa, sai an taɓa wurin, saƙon ya je laka ya dawo. Idonsa ba ya buɗewa sai tsakanin kwana 7 da 10, ji ma yana zuwa a makare. Da hanci da fata yake sanin duniya. Idan ka taɓa gefen bakinsa sai ya juyo yana lalube, haka yake gano nono, kuma cikin kwanaki kaɗan kowanne yakan kama nasa ya riƙe.

Wannan ya sa na zauna wa darasin ƙwaƙwalwa da wata irin yunwa da ban taɓa yi wa wani darasi ba. Saƙon taɓawa yana tashi daga fata, ya bi jijiya zuwa laka, ya tsallaka ɗaya ɓangaren, ya ya da zango a wata tasha da ake kira talamus, sannan ya isa ɓawon ƙwaƙwalwa ta wajen gaba. A can jiki duka yana shimfiɗe kamar taswira, amma rabon fili ba daidai ba ne: fuska da dagin gaba sun kwashe kaso mai yawa, gadon baya kuwa ɗan tsiriri. A jikin kyanwa ne Vernon Mountcastle na jami'ar Johns Hopkins a Amurka ya nuna, a 1957, cewa ƙwayoyin jijiya na wannan wuri a jere suke tsaye kamar ginshiƙai. Idan ya soka siririyar waya miƙe ƙasa, duk ƙwayoyin da ya ci karo da su wuri ɗaya na jiki suke amsawa, kuma irin taɓi ɗaya, ko motsin gashi ko dannawa mai zurfi. In ya karkata wayar, sai amsar ta riƙa canzawa. Dabbar da muke kora daga bakin tukunya ita ta buɗe wa likitoci wannan ƙofa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ginin ƙwaƙwalwar bai ƙare ba ranar haihuwa. Zanen taswirar yana nan, amma jijiyoyin ba su gama sa rigar kitsen da ke hanzarta saƙo ba, mahaɗan ƙwayoyin kuma sai a makonnin farko suke yawaita. Bayan nan a bi a rage, yadda manomi ke zuba iri da yawa a rami, in gero ya tsiro ya cire raunana ya bar masu ƙarfi. Mahaɗar da ake mora ita ke zama. David Hubel da Torsten Wiesel sun nuna haka a ɓangaren gani: idan aka rufe ido ɗaya na ɗan kyanwa daga mako na 4 zuwa wajen wata 3, ko an buɗe shi lafiya lau, ƙwaƙwalwa ta riga ta juya masa baya, alhali babbar kyanwa ba ta samun wannan illa. Sun karɓi kyautar Nobel a 1981. Josef Rauschecker da abokan aikinsa kuma sun tarar cewa kyanwowin da suka tashi ba gani, gashin bakinsu ya fi tsawo, kuma ji da taɓi sun mamaye wani filin da gani zai zauna.

Gashin bakin nan, don Allah a hana yara yanke shi. Wajen sili 12 ne a kowane gefe, gindinsu cike da jijiyoyi. Kyanwa ba ta gani sosai dab da hancinta, da shi take sanin inda wuyan ɓera yake cikin duhun sito.

A nan Maraɗi an saba cewa kada a taɓa ƴan mussa, uwar za ta kwashe su. A kwanakin farko akwai gaskiya a ciki, uwa mai jego tana son a bar ta. Kuskurenmu shi ne barin su har wata uku a bayan buhuna, sannan mu ce sun yi halin daji. Binciken Eileen Karsh ya nuna cewa tsakanin mako na 2 da na 7 ne ɗan kyanwa ke sabawa da hannun mutum, kuma ɗauka ta minti 15 zuwa 40 a rana tana sauya halinsa har girma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ɗanyen kyanwa kuwa makonni biyar ne kacal. Yanzu duk wanda ya tambaye ni, nakan ce ya bari ido ya buɗe, sannan a wanke hannu a riƙa ɗaukar su kullum a gaban uwar, ana shafa fuska da dagi da ciki, yara da manya, maza da mata.

Ƙaramar cikin ukun ta mutu a kwana na tara, kuma har yau ina tuna daren da suka kwana ban shafe su ba. Sauran biyun sun rayu. Macen tana gidan Iya, tana kwana a gefen tabarmar sallarta. Muzurun ya gaji aikin uwarsa a sito, kuma ranar da na kai masa allurar rigakafin haukan kare, ya miƙo wuya cikin hannuna ba tare da kowa ya danne shi ba.