Igiya uku a hannu, biyu a takarda

Asabar, bayan sallar isha.

Tun kafin kiran assalatu na ji Baba yana jan akwatin ƙarfensa daga ƙarƙashin gado. Ƙarar akwatin nan a kan daɓe na san ta tun ina yaro, kuma ba ya jawo shi sai da dalili: ko lokacin tantance 'yan fansho ya zo, ko ranar 15 ga Janairu ta tunawa da mazan jiya, in zai ciro lambobinsa ya goge. Yau ba ko ɗaya. Ringim za mu, wurin wani tsohon samanja da ya yi aikin akawu a soja har ya yi ritaya, yanzu shi ke taimaka wa tsofaffin sojojin yankinmu a ƙungiyarsu ta Lijiyon.

Abin ya samo asali ne makon jiya. 'Yata ta fari, wadda ke aji biyu a ƙaramar sakandare, ta tarar da kakanta yana shanya takardunsa a rana saboda gara. Ta ɗauki takardar sallamarsa tana karantawa da ƙarfi don ta nuna masa ta iya Turanci. Sai ta tsaya ta ce, "Kaka, ai nan kofur aka rubuta, ba saje ba. Kuma wai direba ne kai?" Baba bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Amarya, ajiye takardar nan ki kawo mini ruwa." Da dare ya kira ni ɗakinsa.

Duk ƙauyen nan Saje ake kiransa. Liman ma in zai yi masa addu'a Saje yake cewa. Ni kaina ban taɓa buɗe takardar na karanta layi-layi ba, alhali ni ne malamin makaranta a gidan, kuma wannan ya tsaya mini a rai. Ashe shi ya san da kuskuren tun ranar da aka miƙa masa ita. Ya yi magana, aka ce ya tafi za a gyara daga baya. Damina ta faɗi, mahaifinsa na kwance ba lafiya, sai ya naɗe takardar ya kamo hanyar gida. Daga baya ɗin nan ita ce har yau.

Mun fita bayan an sha koko. Na goya shi a babur, akwatin a tsakaninmu, Inna ta ɗaure shi da tsohon zane. Hazo ya rufe fadama, ba ka ganin masu ban-ruwa sai dai ka ji ƙarar injinansu. Baba bai ce uffan ba har muka tsallaka titin jirgi muka shiga gari.

Samanjan yana zaune a zaurensa a kan buzu, da rediyo a gefe. Baba, mutumin da gwiwa ke hana shi tsayuwar sallar nafila, sai ga shi ya saki sandarsa ya ƙame ya sara. Samanja ya yi dariya ya ce, "Sauke hannu, Saje, yanzu dukanmu 'yan fansho ne." Suka gaisa, suka tambayi juna bataliya da shekarar ɗauka. Dukansu ta Defo na Zariya suka bi, wurin horar da kurata, kamar kowane ƙaramin soja na ƙasa a zamaninsu. Baba ya faɗi lambarsa ta soja a numfashi ɗaya, ko tsayawa tunani bai yi ba.

Aka buɗe akwati. Samanja ya sa tabaransa mai ɗaure da roba, ya riƙa ɗaukar takardu ɗaya bayan ɗaya yana dannewa da ƙananan duwatsu saboda iska. Da ya zo kan takardar sallamar sai ya ɗaga ta sama ta fuskar haske, ya daɗe yana dubawa. Ya ce da ni, "Malam, ka gode wa Allah ba wanda ya taɓa ta da biro." Ya ce ya sha ganin 'ya'yan da suka ga kuskure a takardar ubansu suka sa farin ruwan goge rubutu suka gyara da kansu, suna ganin taimako suka yi. Daga ranar takarda ta zama abin zargi, gaskiyar ma sai ta koma kamar ƙarya.

Na ce masa ni da na yi niyyar mu je kotu a yi takardar rantsuwa. Ya girgiza kai. Rantsuwar kotu tana amfani in harafin suna ne ya sauya, amma alƙali ba ya ba soja igiya. Abin da ke tabbatar da muƙami shi ne odar da rundunar mutum ke bugawa, wadda sojoji ke kira Fat Tu Oda. A cikinta ake shelar duk abin da ya shafi soja: ƙarin girma, canjin wurin aiki, kwas ɗin da ya ci, har aure da haihuwa. Abin da bai fito a cikinta ba, a wurin soja kamar bai faru ba ne.

Na nuna masa hoton Baba da kaki, igiya uku ɓaro-ɓaro a hannun riga. Ya karɓa ya yi murmushi, ya ce hoto mai kyau ne, a haɗa da shi, amma riga ana iya aronta. Sannan ya juya ga Baba ya yi tambayar da ta sa gabana ya faɗi.

"Saje, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Igiyar nan ta uku, tabbatacciya ce ko ta riƙo?"

Ban taɓa sanin akwai wannan bambanci ba. Ashe a fagen daga kwamanda yana iya ɗora wa kofur igiyar saje don ya riƙe aiki, mutane su yi ta kiransa saje, amma in ba a tabbatar an buga ba, ranar sallama muƙaminsa na asali za a rubuta. In haka ne, to takardar ba ta yi kuskure ba, mu ne za mu koma gida da haƙuri. Na dubi Baba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a Laberiya riƙo ne. Da muka dawo aka tabbatar. A gaban fareti aka karanta sunana." Samanja ya ce ya yarda, amma ba shi za a gamsar ba.

Muka zazzage akwatin kaf. Katin asibiti, wasiƙun da Inna ta sa aka rubuta masa yana can, rasit ɗin keken da ya saya, tsohuwar takardar kuɗin Laberiya guda ɗaya. Kusan awa guda muna nema. Har na fara haɗa kalmomin da zan lallashe shi da su a hanya, sai samanja ya zaro wata 'yar takarda mai laushi daga cikin ambulan ɗin hoton ƙirji na asibiti. Rubutun ya koɗe ya koma ruwan toka, gara ta cinye gefen ƙasa. Ya ɗora yatsa yana bi a hankali, leɓensa na motsi. Ya tsaya a wani layi. Ga lambar Baba, ga sunansa, ga kofur zuwa saje, ga ranar da abin ya fara aiki. Lambar odar ma tana sama, gara ba ta kai gare ta ba.

"Tabbatacciya ce," in ji shi.

Baba ya ce Alhamdulillahi sau uku, can ƙasa-ƙasa.

Ni a raina aiki ya ƙare. Fansho da muƙami da shekarun aiki ake lissafa shi, to ga hujjar muƙami ta samu. Da na ga Baba ya turo wata takarda gaban samanja, ta makarantar kanikanci da lantarki ta sojan ƙasa da ke Auchi, sai na ce, "Baba, mu bar maganar direban nan mana. Ba ta ƙara ko kwabo. Kar mu haɗa biyu su ɗaure mana ɗaya."

Kallon da ya yi mini ba zan manta da shi ba. Ba faɗa a ciki. Ya miƙo hannunsa na dama, wanda babban yatsansa ba farce, ya ajiye a kan gwiwa. Mun taso mun ga yatsan haka, in mun tambaya sai ya ce aiki ne. Yau ya faɗa. Yana cikin waɗanda suka tafi da wuri bayan dakarun ECOMOG na ƙasashen Afirka ta Yamma sun sauka Monrobiya, babban birnin Laberiya, a Agustan 1990. Wani dare motarsu ƙirar Steyr, irin wadda ake haɗawa a Bauchi a lokacin, ta mutu a hanya ɗauke da waɗanda aka ji wa rauni. Ba halin kunna fitila. Ya shiga ƙarƙashinta da 'yar tocila a baki, ya lulluɓe da bargo don kar haske ya fita, yana laluben bututun mai da hannu. Yana jin nishin mutanen a saman kansa. Da injin ya tashi, ƙarfe ya kama yatsan, bai ma sani ba sai da suka isa.

Ya ce, "Direba yana da nasa ladan, ban raina shi ba. Wanda ya ja motar nan a daren nan namiji ne. Amma ni ban ja ta ba. Ni na tashe ta. In na mutu takardar nan ce za ta rage a akwati, ita jikokina za su karanta."

Zauren ya yi tsit, sai rediyo. Na ji kunya ta rufe ni. Shekara da shekaru ina ganin mutumin nan yana gyara injin ban-ruwa da injin niƙa na rabin ƙauyenmu, sau da yawa ko sisi ba ya karɓa, ban taɓa tambayar inda hannun ya samo wannan gwaninta ba. Na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce ba komai, rashin sani ne.

Samanja ya ce duka biyun za su shiga wasiƙa ɗaya, kuma hakan ma ya fi ƙarfi. A ganinsa, tunda muƙami da sana'a suka kauce tare alhali lamba daidai take, mai yiwuwa layin wani aka kwafo, wani kofur direba mai suna irin na Baba. Sojojinmu na Arewa da yawa sunan yanka ne da sunan gari, sai ka sami uku masu suna ɗaya a bataliya guda, lamba kaɗai ke raba su. Na nuna masa inda aka rubuta jihar Kano, na ce ko wannan ma a gyara. Ya ce a'a, wannan gaskiyar lokacinta ce: da aka ɗauki Baba nan duk Kano ne, sai 27 ga Agusta 1991 aka yanke Jigawa. Baba ya ce a bakin wani ɗan Haɗeja mai rediyo ya ji labarin, suna can bakin teku.

Shi ya yi ta faɗa, ni ina rubutawa da Turanci. Na so in zuba bayani, ya hana. Lamba, muƙami, suna, runduna ta ƙarshe. Abin da aka rubuta, abin da ya kamata a rubuta, hujjar kowanne da lambarta. Shafi ɗaya. Za ta tafi ofishin ajiye bayanan sojan ƙasa da ke Lakwaja, inda fayil ɗin ƙananan sojoji yake, da takardar rakiya daga Lijiyon. Sai gyara ya fito daga can sannan a tunkari hukumar fanshon soja da maganar lissafi. Ya ja kunnena a kan abu biyu: kar takarda ta asali ta bar hannunmu ko da wa ya nema, kuma duk wanda ya ce in kawo kuɗi yana da hanya a ciki, in yi masa sallama. Ya ce abin yana iya ɗaukar lokaci, in riƙe kwafi da shaidar aikawa, in an ji shiru a sake tunatarwa.

A shagon fotokwafi odar ta fito fari fat saboda koɗewa. Yaron shagon ya yi ta ƙara baƙi har sau huɗu kafin lambar ta fito yadda za a karanta. Na ɗauki hoton kowace takarda a waya kuma. Baba ya sa hannu a wasiƙar a kan benci, a hankali, harafi bayan harafi, da yatsan nan marar farce ya danne biro.

Da muka dawo Inna ta ji an ambaci Dutse sai ta ce ashe abin kusa ne, mota ɗaya. Na ce ba Dutsenmu ba, hukumar fanshon tana Dutsen Alhaji ne a Abuja, kuma kafin ita ma sai an bi ta Lakwaja, can inda Kwara ta haɗu da Binuwai. Ta ce to Allah ya sa muna da rabon gani.

Bayan la'asar maƙwabcinmu ya turo injin ban-ruwansa a baro, wai tun jiya yake tari yana mutuwa, ga albasa na neman ruwa. Na ce Baba ya gaji, a bari sai gobe. Ya ce a kawo. Ya sa aka ja igiyar sau biyu, ya karkata kai yana saurare, ya ce datti ne a kafireto. Sannan ya ɗaga murya ya kira 'yata.

"Amarya, zo ki riƙe mini sufana."

Ta tsuguna kusa da shi har magariba, yana nuna mata sunan kowane ƙarfe. Wasiƙar tana cikin jakar makarantata. Litinin in na tashi daga aji zan shiga Kano in aika.