Gidan haya da maganar "namu kaɗai"

Ɗan yayana ya gama ginin ɗakunan haya, jiya na ji yana gaya wa ejan a waya wai kar ya kawo masa kowa sai namu, ban da ƙabila. Yaron da ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin rikicin shari'a na 2000 a nan Kaduna, shi ne yau yake tace mutane. Na kasa yi masa faɗa don ni nawa ya fi muni.

Akwai wani mutumin Bajju da ya daɗe yana haya a gidana a Tudun Wada, ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, matarsa ce ma take dafa wa uwargidana ruwan wankan jego, ran Kirsimeti shinkafarsu har ɗakinmu, da layya mu kai musu cinya. Bayan ƙurar rikicin ta lafa ya dawo daga barikin da suka fake, na tare shi a zaure na ce ya nemi wani wuri. Bai ce min uffan ba, ya ɗaure katifa a kan bas ya haye gada sai Sabon Tasha, ragowar kuɗin hayarsa ma ban mayar ba. To amma ku masu taɓe baki, kun ga Kaduna a Fabrairun 2000? Maƙwabta sun sa ni gaba, samari na zagaye gidan da dare, in aka cinna wa ɗakinsa wuta nawa zai tsira ne? Har gobe ina cewa ransa na ceta. Sai in na kwanta zuciya ta ce malam ƙarya kake, bakin mutane ka ji tsoro. Haka muka yi ta korar juna, mu da su, aka sake wani rikicin a 2002, gari ya rabe kogi a tsakiya, ana ce wa nan Makka can Kudus wai raha ce.

Na so in jero muku shawarwari, amma wa zai karanta? Ɗan haya dai ka duba yana biya ko ba ya biya, mai fitina ne ko a'a, shikenan. Wanda na saka a ɗakin daga baya sahu ɗaya muke sallah, sai da muka kai gaban mai unguwa kan kuɗina. Fasto James Wuye hannu ya rasa a rikicin 1992, amma tun 1995 yake aikin sulhu tare da Imam Muhammad Ashafa, ku kuwa ko ƙwarzane babu a jikinku kuna kwance kuna rubuta arna arna a Facebook da datar aro.

Ban ce ku saki jiki ba fa, ni kaina akwai unguwannin da magariba ba ta yi min. Kuma dan Allah ku daina tura bidiyon gawarwaki a guruf ɗin WhatsApp, wasu ma wlh ba a ƙasar nan aka ɗauke su ba.